Jari da Tukunya: Abin da Ke Hana Ƙaramar Sana'a Girma a Ƙasar Rawayya

Duk wanda ya taɓa kwana a Rawayya, ko a wani gari daga cikin garuruwan ƙasar Bunguɗu da Tsafe, a lokacin da aka kawar da amfanin gona gyaɗa ta shigo gida, ya san cewa tun kafin ladan ya kira assalatu akan ji motsin mata a bayan katangu: wata tana hura wuta, wata tana sheƙe gyaɗar da ta soya jiya da maraice, wata kuwa ta riga ta tashi yaro ya ɗauki bokiti ya je ya kama layi wurin mai injin markaɗe. Ina da wata goggo da ta shafe fiye da shekara ashirin a kan sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, na kuwa sha zama kusa da ita ina kallon yadda take juya ƙullun a cikin turmi, tana yayyafa masa ruwan zafi kaɗan-kaɗan, har man ya tsattsafo ya taru a gefe, sa'an nan ta kwashe shi da ludayi, ta murza tunkuzar a tafin hannu, ta jefa a kasko. Babu mai kushe aikin hannunta, ba ta kuma taɓa rasa masu saye ba, amma duk da haka yawan tiyar gyaɗar da take sarrafawa a mako a shekarar da na fara wayo, shi ne dai take sarrafawa a shekarar da na yi aure, in ma bai ragu ba.

Sirrin wannan al'amari yana cikin wani tsohon gwangwanin madara da take ajiyewa a ƙarƙashin gado. Cikinsa kuɗin ciniki ke shiga in 'yar talla ta dawo, daga cikinsa kuma ake ɗaukar na sabulu, da na gishiri da barkono a ranar da maigida ya fita bai bar cefane ba, da na maganin zazzaɓi idan jariri ya kwana da zafin jiki, da na Laraba da ake kai wa malamin allo, da na gudummawar sunan 'yar maƙwabciya. Ran nan na ce mata, "Goggo, me zai hana ki ware uwar kuɗi daban, riba daban?" Ba ta ko ɗago kai daga kaskon ba ta ce, "Ɗan ga, ai tukunya ba ta san jari ba." Na daɗe ina juya wannan magana a raina, kuma gwargwadon yadda na ƙara sanin kasuwannin Gusau da na ƙauyukan da ke kewaye da ita, gwargwadon yadda na tabbata cewa ta faɗi asalin ciwon da ke damun mai shayi, da tela, da mai tireda, da mai facin taya, da mai dillancin hatsi.

Galibin masu yi wa talaka wa'azi a kan tattali, in sun ga sana'arsa ta ƙi gaba, abin da suka fi saurin ɗora wa laifi shi ne israfi da rashin lissafi. Ban musa cewa akwai almubazzarai ba, zan ma zo kansu. Amma wanda ya duba abin da gidajen nan ke kashewa da idon adalci zai ga mafi yawansa farilla ne, na nafila kaɗan ne ƙwarai. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a kan rayuwar iyali a 2018 zuwa 2019 ya nuna cewa kashi 56 da ɗoriya cikin 100 na abin da gidajen Najeriya ke kashewa a kan abinci yake tafiya, ya kuma nuna cewa yayin da kashi 40 cikin 100 na mutanen ƙasa ke ƙarƙashin ma'aunin talauci, wato naira 137,430 a shekara ga mutum guda, a Zamfara kusan kashi 74 ne. Tun a 1857 wani masanin ƙididdiga Bajamushe, Ernst Engel, ya lura da cewa iyakar talaucin gida iyakar girman kason da ciki ke cinyewa daga abin da aka samu. To, gidan da abinci ya kwashe fiye da rabin samunsa tun kafin a yi maganar ciwo ko sutura, ina rarar da za ta koma cikin buhun gyaɗa?

Akwai kuma wata fuska ta wannan magana wadda ba kasafai ake kula da ita ba, alhali kuwa ita ce rabin al'amarin. Cefanen wani gida shi ne cinikin wani gida. Matar da ta sayi kwalbar mai a wurin goggona, da kuɗin ɗinkin da mijinta ya karɓa ta saya. Tela kuwa ya sami ɗinkin ne domin wani manomi ya sayar da waken suya ya yanka wa 'ya'yansa yadin salla. Saboda haka idan aljihun masu saye ya bushe, ko an ninka wa mai sana'a jarinsa sau uku ba abin da zai ƙaru sai kwantai, domin mutanen unguwa ba za su sha man da ya fi ƙarfin aljihunsu ba don kawai an ƙara matsa shi. Shi ya sa za ka ga layi guda yana da masu awara biyar da masu ƙosai huɗu, kowace tana raba wa 'yar'uwarta masu sayen da dama can ba su da yawa, kowace kuma tana sayarwa a ƙulli mafi ƙanƙanta, sabili da abin da mai saye ke iya fitarwa ke nan a yini.

Dattawan Gusau sun ga zamanin da al'amarin ba haka yake ba. Garin da Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa a zamanin jihadi, bayan da ya baro wajen 'Yandoto, bai zama babbar cibiyar ciniki ba sai da layin dogo ya iso shi daga Zariya a 1927, ya zarce Kauran Namoda a 1929. Daga nan kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna da wuraren awo, aka kafa injin gurzar auduga, gyaɗa da auduga suka riƙa gangarowa daga ƙauyuka a kan jakuna da raƙuma suna shiga tarago. Ba na cewa cinikin nan na adalci ne, domin kamfani ne ke yanka farashi, daga baya kuma hukumar sayen amfanin gona, manomi kuwa abin da aka ba shi shi yake karɓa. Sai dai ya kawo abu guda mai muhimmanci, wato kuɗi daga waje da ke shigowa ƙasar kowace kaka, su bi hannun manomi zuwa na maƙeri, da na mahauci, da na mai koli. A shekarun 1960 aka ƙara da masaƙar Zamfara a Gusau, ga kuma kamfanin matsar mai, sai aka sami ma'aikata masu albashi waɗanda ƙarshen wata ba ya saɓa musu. Mai tuwon da ke bakin ƙofar masaƙa tana iya ba da bashi na wata guda hankalinta kwance, tana iya ɗaukar 'yan aiki biyu, tana iya sayen buhun dawa a kaka ta ajiye, domin ta san ranar biya. Da masaƙar ta rufe, kamar yadda 'yan'uwanta na Kaduna da Kano suka rufe, hasarar ba ta tsaya ga masu saƙa ba. Ta bi ta kan masu gidajen haya, da masu abinci, da masu gyaran keke, har ta kai ga manomin auduga na Rawayya wanda ya daina shukata. Tun da aka ƙirƙiro jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, albashin gwamnati ne ya zama babban ruwan da ke shayar da kasuwannin Gusau, kowane ɗan kasuwa a Tudun Wada kuwa yana gane watan da aka jinkirta biya ba tare da kowa ya gaya masa ba.

Magabatanmu sun san haɗarin zaman jari da tukunya a ɗaki ɗaya, sun kuwa gina katangu a tsakaninsu, mafi ƙarfi daga ciki ita ce wadda shari'a ta gina. Ɗalibin da ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda har yau ake bitarta a zaurukan Gusau da Tsafe, ya san hukuncin ƙiradi, abin da malaman zamani suka fi kira mudaraba: mai dukiya ya ba da kuɗi, mai ƙarfi da basira ya juya su, a raba riba bisa kason da aka ambata tun farko, hasara kuwa ta faɗa kan dukiya muddin ba a yi sakaci ko ha'inci ba. Abin da ya fi burge ni a cikin wannan babi shi ne sharuɗɗa biyu. Na farko, an yarda wa mai juya kuɗin ya ci ya yi sutura daga cikinsu ne idan ya yi tafiya da dukiya mai yawa, wanda ke zaune a garinsa kuwa bai da wannan dama. Na biyu, ba a raba riba sai uwar kuɗi ta dawo ta cika. Fuƙaha'u ba su karanta ilmin tattalin arziki na jami'a ba, amma sun gane cewa dukiyar da ake gutsura kowace safiya ba ta haihuwa, sai suka mayar da ita amana, suka sa tsoron Allah da tsoron alƙali suka yi mata gadi. A kan irin wannan ƙa'ida fataucin Hausa ya tsayu: ubangida ya ba yaronsa kuɗi ya tafi sayen goro ko gyaɗa, ya ɗauke masa abincin iyali da ɗinkin salla da kuɗin aure, har ran da zai sallame shi da jarin kansa. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a Kano a 1955, da irin waɗannan wakilai ya tara gyaɗar da ta sa sunansa ya kai ko'ina. Yaron ubangida bai ci jari ba ne saboda wani ya tsaya wa tukunyarsa.

Mata kuwa, da yake ba su da ubangida, sai suka ƙago nasu katangun. Adashi ɗaya ne daga ciki, kuma wanda ya ɗauka cewa amfaninsa tara kuɗi ne kawai bai fahimce shi ba. Babban amfaninsa shi ne uzuri: idan ƙane ya zo neman rance, ko maigida ya leƙo ya ce a ara masa na cefane, mace tana iya cewa na yi zubi, ba tare da ta yi ƙarya ko ta yanke zumunci ba. Akuya da tunkiya su ma haka ne, domin ba a yankar ƙafar akuya a sayi gishiri. Sai babbar lalura ta zo ake kai ta kasuwa. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta kuma fitar da littafinta a kan ƙauyen Hausa a 1972, ta yi mamakin yawan cinikin hatsi da na abinci da matan kulle ke gudanarwa daga cikin ɗakunansu ta hannun yara, ta kuma bayyana wani abin da kowane mutumin karkara ya sani, cewa talakan manomi yakan sayar da hatsinsa da araha a kaka saboda bashi da bukata, ya dawo ya saye shi da tsada da damina, ya bar gonarsa ya tafi ƙodago a gonar wani. A shari'a nafaƙa tana kan miji, dukiyar mace kuwa tata ce, ba shi da iko a kanta sai da yardarta. Amma a yau gidaje da yawa a ƙasar nan da ribar ƙuli-ƙuli da awara suke ɗora tukunya, kuma ya kamata maza mu faɗi wannan da bakinmu, mu san cewa alheri ake yi mana.

Waɗannan katangu su ne fitinar 'yan bindiga ta rushe ɗaya bayan ɗaya. Dabbar da ta kasance asusun gida ita aka fara korawa daji. Gonar da ke nesa da gari ta gagari shuka, inda aka shuka kuma a wurare da yawa sai an biya kuɗin da aka ɗora kafin a girbe. Idan aka ɗauke mutum guda, kuɗin fansarsa ba daga gidansa kaɗai suke fita ba: ƙanwarsa ta kwashe adashinta, ɗan'uwansa ya sayar da babur ɗin da yake haya da shi, surukinsa mai tireda ya karyar da kayan shago, sana'a biyar ko shida su mutu a mako ɗaya domin a ceci rai guda, babu kuwa mai imanin da zai ce kada a cece shi. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi da sayar da fetur a jarka, a farkon Satumba kuma aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya. An yi haka ne domin a toshe wa ɓarayi hanyar abinci da labari, amma mai awon da rayuwarsa ke rataye da cin kasuwa sau ɗaya a mako ya zauna makonni yana ciyar da iyali daga uwar kuɗi, ran da aka buɗe kuwa da yawa ba su da abin komawa da shi.

Ba a gama farfaɗowa ba sai ga canjin kuɗi. A farkon 2023, da Babban Banki ya janye tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000 sababbin kuma suka yi wuyar samu, ciniki ya tsaya cik a ƙauyukan da babu banki, babu kuma ingantaccen layin da za a tura kuɗi ta waya, har manomi ya riƙa karyar da buhunsa ga duk wanda ke riƙe da tsaba. Zamfara na cikin jihohi uku, tare da Kaduna da Kogi, da suka fara kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. Ranar 29 ga Mayu aka janye tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40 cikin 100. Hauhawar farashi tana da wata illa ta ɓoye ga mai ƙaramin jari, domin yakan ƙirga kuɗinsa da yamma ya ga sun fi na safe, ya ɗauka riba ce ya ci, sai ya koma sari ya tarar kuɗin da suka sayi buhu a watan jiya yau ba su cika shi. Mutane da yawa sun karye suna tsammanin riba suke ci.

Gwamnatoci kuwa maganin da suka fi sani shi ne rabon jari. An yi TraderMoni a 2018, inda aka riƙa ba ƙananan 'yan kasuwa rancen naira 10,000, an kuma yi wasu shirye-shirye masu kama da shi kafinsa da bayansa. Niyyar ba ta da laifi, sai dai kuɗin da aka miƙa wa mai yunwa a hannu gwangwanin nan suke faɗawa. Wasu masana sun jarraba wannan a Ghana, a biranen Akra da Tema: suka ba wasu masu ƙananan sana'o'i sidi 150 tsaba, wasu kuma suka raka su aka sayo musu kayan sana'a na daidai wannan kuɗi. A wajen mata, waɗanda aka ba tsaba ribarsu ba ta ƙaru ba, waɗanda aka ba kaya kuwa, musamman masu sana'ar da ta riga ta ɗan kafu, tasu ta ƙaru sosai. A yammacin Kenya kuma, Pascaline Dupas da Jonathan Robinson sun buɗe wa matan kasuwa asusun ajiya wanda ba ya ba da ko kwabo na ƙari, hasali ma sai an biya kafin a cire kuɗi, amma duk da haka matan suka yi ta zubawa, jarinsu kuma ya ƙaru. Wato abin da suke nema shi ne wurin da hannu ba ya saurin kaiwa, abin da uwar adashi ta Rawayya ta sani tun kafin a haifi masu binciken. A ganina, da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, da bankunan da ba sa mu'amala da riba irin su Ja'iz wanda ya fara aiki a 2012, da attajiran Gusau masu neman lada, za su fi amfanar mutane idan suka raya ƙiradi a tsakanin masu sana'ar da aka riga aka san amanarsu, suka kuma tsaya wa asibitin mai haihuwa da maganin yaro, domin ciwo ne ƙofar da jari ya fi fita ta cikinta.

Na yi alkawarin zan zo kan almubazzarai. Gaskiya ne lefe da kayan ɗaki da gara sun wuce haddi a gidaje da yawa, har uwa takan share shekara goma tana tara kwanoni da katifa da kujeru, ranar ɗaurin aure kuma a kwashe ribar shekarun nan a jera a ɗakin da ba za a taɓa rabinsu ba. Malamai sun yi ta faɗa a kan mumbari cewa albarkar aure tana cikin sauƙinsa, suna kuwa da gaskiya. Amma ina roƙon mai suka ya bambanta gasa da gudummawa. Matar da ta kai bikinta gidan suna ba ɓarna ta yi ba, ajiya ta yi a wurin mutane, domin ran da ɗakinta ya ƙone ko mijinta ya kwanta, waɗannan mutanen ne za su zo, ba ta da wani kamfanin inshora bayansu. Wanda ya ce ta daina, wajibi ne ya nuna mata abin da zai maye gurbinsu.

Goggona dai ta samo tata dabarar a 'yan shekarun nan, ba kuwa wanda ya koya mata. Akwai wani dattijo mai awon gyaɗa da suka daɗe suna mu'amala. Duk ranar da 'yar talla ta dawo, kafin kuɗin su ga gwangwani, sai ta ƙirga na gyaɗar gobe ta ba yarinyar ta kai masa, shi kuma ya rubuta a bayan wani tsohon littafin makaranta, ya auna ya ɗaure ya jingine a kusurwar rumfa. Abin da ya rage shi ke shiga ƙarƙashin gado, ko ya isa ko bai isa ba. A kakar bara, karo na farko tun da na san ta, ta sayi buhu guda cur lokacin da gyaɗa ke araha, ta kuma bar shi a rumfar dattijon, ta ce in ya kwana a gida, da zarar wani ya yi tari za a kwance bakinsa.